Kalmar da Ban Fassara Ba

Masu karatu, barkanku da war haka. Da yawanku kun rubuto kuna tambaya ko an sa ranar da magabatan Zunnuraini za su zo gidanmu neman aurena. An sa. Gobe Asabar ce ranar. Sai dai ban san ko za su zo ba, kuma ni ce sanadi. Zan faɗa muku yadda aka yi a jere, kamar yadda aka koya mini a shekara biyun da na yi a ɗakin labarai na wata jarida a Kaduna: wa, me, yaushe, a ina. Hukunci kuma naku ne.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Mufida. Mahaifina, Alhaji Maɗugu, shi ne shugaban direbobin manyan motoci a tashar Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar. Shekara talatin ya yi yana tuƙi tsakanin Katsina da Maraɗi kafin ciwon baya ya zaunar da shi a benci. Idan ya ce wa direba hanya lafiya lau, direban ba ya sake tambayar kowa. Zunnuraini kuwa ɗan Daddara ne, ya karanta kwamfuta a Zariya, kuma wata bakwai ke nan yana zuwa wurina zance.

Mu uku ne muke aikin wata manhajar waya mai suna Tsallake: ni, da shi, da Salmatu da ke Zariya, wadda ita ta ƙirƙiro ta. Direba zai ɗauki hoton takardar kayansa da aka rubuta da Faransanci a Nijar, manhajar ta karanta masa da Hausa. Ba ta buƙatar intanet, domin a Magama sabis yana zuwa ne lokacin da ya ga dama. Kuma buɗaɗɗiya ce. Yadda aka rubuta ta yana nan a shafin intanet, kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Ba ta da mai ita. Mu kanmu ba mu san wayoyi nawa take ciki ba, don mun ƙi saka mata abin da zai riƙa kawo mana rahoton mutane. A lokacin mun yi alfahari da hakan.

Su biyun ne ke rubuta ta. Ni aikina kalmomi: duk Hausar da ke kan allo, da duk sanarwar da za a fitar.

Wata guda da ya wuce suka gama sabon zubi. Wannan ba karatu kaɗai yake yi ba, har cike wa direba takardar bayanin kaya ta Turanci yake yi, wadda ake miƙawa a ɓangarenmu na iyaka. Sabon zubin da ba a gama tantancewa ba, masu wannan sana'a suna kiransa beta. A kan wa za a ba shi muka yi gardama ta waya, mu uku, wata Laraba da hantsi.

"A zuba ta a kowane guruf na hira a waya," in ji Zunnuraini. "A kai gidan rediyo ma. In mutum dubu suka gwada, a mako ɗaya za mu ga duk inda ta karkace. Mu uku sai mu shekara ba mu gani ba."

Na ce, "Mai gwadawa daban, mai dogara daban. Direba ba ya gwaji da mota cike da kayan mutane."

"Sai mu rubuta gargaɗi."

"Wa zai karanta? Don ba sa karatu muka yi manhajar."

Salmatu ta yi dariya. "Malam, ta kama ka."

"Amma ɓoyo ba tsarinmu ba ne," in ji shi. "Buɗaɗɗiya muka ce."

Na ce, "Rubutunta yana shafi, mai iya karanta shi ya je ya karanta. Ba mu ɓoye ba. Shela ce dai ba za mu yi ba sai ta nuna."

Salmatu ta yanke. Mutum goma sha biyu za a ba, dukansu masu karanta Faransanci da Turanci, waɗanda za su gwama abin da ta cike da abin da ke takarda. Kowane kwafi za a sa masa lamba a ƙasan allo, don idan rahoton kuskure ya zo a san daga hannun wa ya fito. Nawa lamba uku ne.

Da muka ajiye waya saƙonsa ya shigo: "Kin yi nasara, Hajiya Edita. Haka za ki riƙa kayar da ni a gida?"

Na mayar masa: "Ka fara shiga gidan tukuna."

Abu ɗaya ya rage a jerin aikina. A saman allo, kusa da sunan manhajar, an rubuta beta da ƙananan haruffa ja. Na yi niyyar mayar da ita, "Ta gwaji ce, kada a dogara da ita." Jimlar ta fi wurin tsawo. Na ce zan nemi gajeriya. Mutum goma sha biyu ne kawai, kuma duk sun san ma'anarta. Na bar ta a haka.

Yanzu ku biyo ni gida.

Baba bai taɓa cewa ga wanda zan aura ba. Tambaya ɗaya yake da ita, ita kuma yake maimaitawa. Ranar Lahadi, mako biyu da suka wuce, bayan La'asar, yana zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya jingina da filon da Inna Hajo, mahaifiyata, ta ɗinka masa saboda bayan. Ƙaninsa Kawu Bawa yana gefe yana shan fura. Kawu ya yi shekara goma a tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma ba a yin minti biyar da shi bai tuna wa mutum ba. Ni ina tsugune ina tsince zogale a faranti, da atamfar gida da ɗankwali.

"Mufida," in ji Baba, "wata bakwai yaron nan shina zuwa. Na tambayi sana'arshi, an ce kwamfuta. Na tambayi ofis, an ce babu. Na ce wa yake yi ma aiki, an ce kowa da kowa. Ƙanwarki na da goyo. Ni ban hana ki shi ba, amma ina son in ga abu da idona."

"Baba, ai shi ya yi Tsallake, wadda direbobinka ke amfani da ita."

"Mai karatun nan? Ko ɗan aji huɗu na Ɗan Isa shina karanta takarda. In wannan ce kaɗai, ki ce mashi ya dakata da zuwa sai ya samu abin yi."

Inna ta leƙo daga kicin ta kalle ni. Na san kallon. Ma'anarsa, ki yi wani abu.

Na goge hannu a zani, na ɗauko wayata, na karɓi tasa. Minti ɗaya ya ishe ni in tura masa kwafina. Na ce ya ba ni kowace takardar Nijar da ke aljihunsa. Ya zaro wata tsohuwa, ta buhun wake ɗari huɗu. Na ɗauki hotonta. Kafin Kawu ya kai ludayi baki sau biyu, takardar Turanci ta fito a cike, suna da lambar mota da adadin kaya, komai a gurbinsa.

Baba ya sa tabarau. Ya cire. Ya sake sawa.

"Abin da muke yini muna bin yaran shago su cike mana?"

"Shi ne, Baba. Aikinsa ne."

Ya kai yatsa saman allon. "Wanga jan rubutu fa, mi ya ce?"

Kafin in buɗe baki Kawu Bawa ya karɓe wayar ya nisanta ta da idonsa. "Beta! Yaya, ai Turanci ne. Beta, wato wadda ta fi kyau. A Legas in ka je sayen taya, sai a ce maka ga ta banza, ga beta. Wannan ita ce babbar. Waccan ta yara ce."

Baba ya juyo. "Haka ne, Mufida?"

Na ce, "Sabuwa ce, Baba."

Gaskiya na faɗa, kuma ba amsa ba ce. Na san abin da na yi. A jarida idan jami'i ya ba ka irin wannan amsa, layi ake ja mata a ƙasa a sake tambayarsa. Baba bai sake tambaya ba. Murmushi ya yi, na farko a kan maganar Zunnuraini tun da aka fara ta.

"Ki ce mashi ya turo magabatanshi. Ba Asabar mai zuwa ba, ta sama." Ya ɗaga murya. "Kuma kada in ji maganar nan a waje sai an zo an gama. Hajo, da ke nike."

"Ni da wa nake magana a garin nan, Alhaji?" in ji Inna. Wayarta tana hannunta a ƙarƙashin mayafi.

Na ƙudurta zan cire masa ita da safe. Da safe ya riga ya tafi tasha tun bayan Asuba. Ƙarfe goma Kawu Bawa ya turo mini saƙon murya daga guruf ɗin direbobi, ya haɗa da hoton babban yatsa. Muryar Baba ce:

"Jama'a, ku goge waccan. Ga beta nan ta fito, wadda ta fi ta. Har takarda tana cikewa. Aikin surukina ne, ɗan Daddara. Ni Maɗugu na gwada da hannuna. Mai so ya samu Bawa ya tura mashi."

Daƙiƙa goma sha tara. A ciki ya yaɗa abu biyu da aka ce kada a yaɗa.

Za ku ce me ya hana ni magana a ranar. Na rubuta gargaɗi sau uku. Sau uku na goge. Duk yadda na juya jimlar, ma'anarta ɗaya ce: abin da Maɗugu ya faɗa muku jiya ba haka ba ne. Kuma 'yarsa ce za ta faɗa. Zunnuraini yana Zariya a lokacin, shi da Salmatu suna kan aikin, ba ya cikin guruf ɗin direbobi. Da na gaya masa an sa rana, ya rubuto: "Wallahi addu'ar Hajiyata ce." Na tura masa "Amin." Kwana shida aka yi babu abin da ya faru. Direbobi suna tsayar da Baba a hanya suna yi masa barka biyu. Na fara gaya wa kaina wataƙila ba ta da kuskure.

Ranar Lahadin da ta wuce Salmatu ta rubuto a guruf ɗinmu na mutum uku:

"Lamba tara ya gano kuskure babba. Ɗigo ne. Masu Faransanci suna rubuta dubu goma sha biyu haka: 12.000. Manhajar tana ɗaukar ɗigon irin na Turanci, sai ta cike 12. Duk adadin da ya kai dubu zai lalace. Alhamdu lillahi mutum goma sha biyu ne kaɗai ke da ita. Mufida, ke kika cece mu."

Zunnuraini ya ƙara: "Na sara miki, Edita. Da an bi tawa da yanzu muna ɓuya."

Na karanta a tsaye a bakin rijiya. Na tuna takardar Baba. Buhu ɗari huɗu. Ba ta kai dubu ba, shi ya sa babu ɗigo a cikinta.

Gyaran bai ɗauke su awa ɗaya ba. Amma gyara yana shafi, kuskure yana cikin wayoyin da ba sa shiga intanet, kuma ba mu da hanyar kiran ko ɗaya daga cikinsu. Haka muka tsara ta.

Lokacin albasa ne. Ranar Litinin manyan motoci suka fara sauka daga Nijar, da yamma kuma ruwan farko ya zuba.

Talata da safe na zura dogon hijabi ruwan toka, na hau babur zuwa Magama. Tun daga nesa warin ya tare ni. Motoci bakwai aka jera a gefen hanya, tamfol a jiƙe, rana ta fito a kansu, ruwa mai yauƙi yana ɗiga daga ƙasan bodi. Takardar kowace ta ce kilo goma sha biyu, ko sha biyar, ko ashirin. Motar kuwa tana ɗauke da tan goma sha biyu, ko sha biyar, ko ashirin. Jami'an iyaka sun ce takardar da aka miƙa ta saɓa da kaya, sai an sake tantance komai daga farko, mota bayan mota. Ba su yi laifi ba. Ni ma da ni ce a kujerar abin da zan ce ke nan.

Wani dogon direba mai rawani shuɗi yana zaune a inuwar tayar motarsa yana haɗa shayi. Zakari sunansa, mutumin Maraɗi, tsohon abokin tafiyar Baba.

"Ke ce ɗiyar Maɗugu? Amaryar beta?"

Na gaishe shi, na ce ya ba ni wayarsa in cire masa ita.

"Cire, ɗiyata, ta gama aikinta." Ya miƙo. "Ni tun farko na yi mamaki. Na yi lakwal, makarantar Faransanci, aji uku. In mushe, wato malaminmu, ya ce maka beta, to wawa yake nufi, sakarai. Na ce wa ke raɗa ma kayanshi suna wawa? Amma Maɗugu ya ce ya gwada da hannunshi." Ya ɗaga butar shayin sama ya tsiyaya. "Ashe mutanen sun faɗi gaskiya da jan rubutu. Mu ne ba mu ji ba."

"Albasar za ta kai?"

Ya kalli ruwan da ke ɗiga. "Ta sama dai. Ta ƙasa ta zama miya."

Na bi tashar waya bayan waya. Na cire daga ashirin da uku, na sa musu gyararriyar. Ina cikin ta ashirin da huɗu na hango wasu mutum biyu a bakin mai shayi sun haɗa kan wayoyinsu, ɗaya yana tura wa ɗaya. Na je na ce su dakata, tana da kuskure.

"Ta Maɗugu ce fa, Hajiya."

"Na sani. Ba a gama ta ba."

"Masu tsohuwar ne ke baƙin ciki," in ji ɗayan, ya juya mini baya.

A nan na ji cewa ta ƙetare tun makon jiya. Tana Ɗan Isa, tana Maraɗi, wani ya ce ya gan ta a wayar wani direba a garin Tawa, can cikin Nijar. Na yi saƙon murya na gargaɗi a wurin, a tsaye, na ba Zakari ya tura duk inda zai iya. Saƙona ya kai guruf huɗu. Na Baba ya riga shi da kwana takwas, kuma da muryar da aka sani.

Baba yana can ƙarshen tasha a kan bencinsa. Kullum bencin cike yake, har wasu na tsugunawa a ƙasa. Ranar shi kaɗai ne, da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ban ƙarasa ba.

Ina kan babur na dawowa wayata ta yi motsi. Zunnuraini ne. Hoto ya turo, na allon wayar wani direba, ya zagaye ƙasan allon da jan layi. An rubuta: beta-3. Babu kalma ko ɗaya tare da shi.

Na kira, bai ɗauka ba. Na rubuta, "Zan yi maka bayani." Alamar ya karanta ta fito. Bayan awa biyu ya rubuto: "Baba ya kira ni. Alhamis bayan La'asar. Ina hanya."

Gidanmu kuwa shiri bai tsaya ba. Inna ta ce ba a ce mata a fasa ba. Laraba aka soya cincin da dubulan aka cika robobi uku. Tela ya aiko da leshina ruwan zuma, riga da siket, da mayafi mai duwatsu a baki, Inna ta shimfiɗa su a gadona ta ce kada in zauna a kai. Mai lalle ta aiko tana tambaya ko Juma'a da safe ya yi. 'Yan uwan Inna na Farfaru, waɗanda wai ba a gaya wa komai ba, sun bugo suna tambayar kalar ankon.

"Inna, kin ga halin da ake ciki."

"Na gani. Maza ne da injinsu, za su shirya. Ke dai ki ci abinci, kin rame."

Jiya Alhamis, bayan La'asar, aka shimfiɗa darduma a zaure. Baba, da Kawu Bawa, da Zakari, da dattawan tasha biyu. Inna ta ɗora mini tire da jug na zoɓo da kofuna shida. Na kai bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, na tsaya a bayan labule. Ta gefensa nake gani.

Zunnuraini ya yi sallama. Farin yadi ne a jikinsa, ya yamutse da zaman mota, hularsa ta ɗan karkace. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida kowa da sunansa, har Zakari da bai taɓa gani ba.

Baba bai tsawaita gaisuwa ba.

"Shekara talatin ban taɓa tura direba cikin rami ba. Yau in na ce gabas, sai an tambayi wani. Faɗa mani da bakinka, mi ke beta?"

"Baba, wadda ba a gama ba ce. Ta gwaji."

"A Legas dai," in ji Kawu Bawa, "in aka ce..."

"Bawa, ka raba ni da Legas ɗinka."

Zakari ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ka san ba a gama ta ba?" in ji Baba.

"Na sani."

"To don mi ka ba Mufida ta sa mani?"

Zunnuraini bai kalli labulen ba, ko da yake ƙafafuna suna waje a ƙasansa, kuma ya san takalmin, shi ya saya mini.

"Kuskuren namu ne, Baba, kuma ni ne babba a ciki. Na yi gaggawa. Dama tun farko ni ne mai son a yaɗa ta."

Jimlar ƙarshe gaskiya ce, kuma ba amsa ba ce. Ban san a wurina ya koya ba ko dama ya iya.

Na so in ɗaga labulen. Ku yarda ko kada ku yarda. Amma zauren maza ne, da baƙi, kuma idan na shiga na ƙaryata shi a gabansu, na ƙara wa Baba wata kunyar a kan wadda yake ciki. Idan na tsaya, na bar shi ya ɗauki kayana. Na tsaya.

"Albasa dai ta tafi," in ji ɗaya daga cikin dattawan.

"Ba zan iya dawo da ita ba," in ji Zunnuraini. "Amma daga gobe zan zauna a tasha tun safe har a rufe ƙofa. Duk motar da ta zo zan cike mata takarda da hannuna, in gyara wayar direban. Ba zan tashi ba sai ranar da aka daina ganin wannan jan rubutu."

"Sai ka kai Tawa ke nan," in ji Zakari. "Ka zo da tabarma, yaro. Shayi nawa ne."

Baba ya ce, "Ka tashi ka tafi. Allah ya kiyaye hanya." Bai ambaci Asabar ba. Babu wanda ya sha zoɓon, don ban shigar da shi ba.

Da suka watse Baba ya shigo cikin gida a hankali, yana dogara sanda. Ya zauna a tabarmar nan ta ƙarƙashin darbejiya, ya zaro waya ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Cire mani wanga abu."

Na durƙusa na karɓa. Jan rubutun yana sama, lamba uku tana ƙasa.

"Baba, ba shi ya ba ni in sa maka ba. Bai ma san na sa ba sai shekaranjiya. Mun yi yarjejeniya mutum goma sha biyu kaɗai za a ba, kuma ni na kawo shawarar. Kalmar nan aikina ne in mayar da ita Hausa, ban mayar ba. Ranar da Kawu ya fassara maka, na san ba daidai ba ne. Ka tambaye ni, ban faɗa maka ba."

Na faɗe shi a jere, ban yi kuka ba. Na ɗauka idan gaskiya ta fito za ta wanke shi.

Baba ya kalli kan sandarsa.

"To," ya ce. "Ɗaya ta yi mani shiru a tsakar gida. Ɗaya ya rufe ni a zaure gaban mutane. Kun dace."

"Don ya kare ni ne, Baba."

"Na gane. Ba yau aka haife ni ba."

Daga fuskarsa ban iya karanta ko wannan yabo ne ko tuhuma ba.

Inna ta fito daga kicin tana goge hannu. "Alhaji, Asabar fa? Mutanen Farfaru suna tambaya ko su taso."

"Na ce kada ki faɗa ma kowa."

"Ni Farfaru kaɗai na faɗa wa. Kai naka har Maraɗi an ji."

Na ɗauka zai yi faɗa. Bai yi ba. Aka kira Magariba a masallacin unguwa. Ya dafa bango ya miƙe, ya zura takalmi, ya karɓi wayarsa daga hannuna ya duba ya ga wurin manhajar babu komai. Sai da ya kai bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Duk wanda ya tambaya, ku ce mashi maganar auren nan beta ce."

Ya fita.

Inna ta kalle ni. "Me yake nufi? Su taso ko kada su taso?"

Na ce ban sani ba.

Na shiga ɗaki, na zauna a ƙasa saboda leshin yana kan gado. Na rubuta wa Zunnuraini duk abin da na faɗa wa Baba, da abin da Baba ya ce, kalma bayan kalma, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Abin da ya iso kalma biyu ne:

"Wace betar?"

Ta Kawu Bawa, wadda ta fi kyau. Ta Zakari, aikin wawaye. Ko tamu, wadda ba a gama ba, ba a kuma jefar ba, ana dai kallonta tukuna a ga inda za ta karkace.

Yau Juma'a. Tun ƙarfe bakwai Zakari ya turo mini hoto: Zunnuraini a tashar Magama, a kan tabarma, da biro da tarin takardu a cinya, direbobi sun yi layi. A can gefen hoton ana ganin rabin benci, da ƙasan wata sanda da na sani. Mai lalle tana tsakar gida tun ɗazu, ta kwaɓa, tana jira in miƙo hannu. Kawunnan Zunnuraini a Daddara suna jira ya ce musu su ɗauko manyan riguna ko su bar su a akwati. Shi yana jira in ba shi amsa.

Kalmomi ne aikina. Wannan ce karo na biyu da kalmar nan ta zo gabana tana neman fassara, kuma wanda ya san ma'anarta ya fita tun Asuba.